Ba Tantabarun Baba Ba Ne

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kwana tara ke nan wata takarda a jakata ta hana ni sukuni.

Shekarata arba'in da shida. Mahaifina yana zaune a wurina tun rasuwar Innarmu, kuma bai zo da komai ba sai akwatinsa da tantabarunsa goma sha huɗu. Maigidana ya haɗa musu ɗaki na katako a bayan kicin. Da an idar da asuba Baba zai kaɗa gwangwanin hatsi, su sauko masa har kafaɗa. Akwai wata ja da yake kira Hajiya, wai tafiyarta irin ta Inna ce.

Bara numfashina ya fara sarƙewa, ƙirjina yana kuka. Likita ya ce asma ce, ya ba ni abin shaƙa, ya rubuta gwajin jini don a gane ko irin ta alaji ce, wato wadda jiki ke ƙin wani abu kamar gashin tsuntsu. Ni kuwa na ce abin da ido ke gani me ya kai shi ɗakin gwaji? Ga tsuntsaye a gida, ga tari. Na ninke takardar na ajiye.

Ban ɗaga wa Baba murya ba, Allah shaida. Tari kawai nake yi in ya shigo, in kauda kai. Shi da kansa ya ba wani abokinsa tantabarun. Sau biyu suna dawowa. A na uku na gan shi ta taga yana buga katako a ƙofar ɗakinsu, Hajiya tana kan katanga tana kallonsa.

Wata bakwai babu tantabara, ciwon bai ragu ba. Sai na je aka ɗebi jinin. Likita ya ce abin da suke aunawa, IgE, bai hau ba, na gashin tsuntsu ma bai nuna komai ba. Tawa ba ta alaji ba ce, irin wadda ke kama mata a shekaruna ce. Takardar sakamakon ce a jakata.

Anti, na yi karatu, na san nauyin haƙƙin iyaye. Baba ya rame, hira ta ƙare. Har yau yana zuba ruwa a kwanonsu, wai ko wani tsuntsu zai wuce. Kullum yakan tambaye ni ko ƙirjin ya yi sauƙi, in ce masa da sauƙi, don kada ya ga asararsa ta tashi a banza. Ƙarya nake yi wa mahaifina. In faɗa masa in ƙara masa ciwo, ko in yi shiru?

Taki, Mai Takarda a Jaka

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ba ki lafiya.

Kin yi kuskure da kika ajiye gwajin, ba zan ɓoye miki ba. Amma wanda numfashi ke gagara ba mugunta ke sa shi zargin abin da ke kusa ba, tsoro ne. Ki rage hukunta kanki.

Sakamakon ya nuna da wuya tsuntsayen ne sila, amma bai ce ki shiga share ɗakinsu ba. Ƙurar kashinsu tana iya tayar da kowace irin asma, kuma akwai wani ciwon huhu na masu kiwon tsuntsu da wannan gwajin ba ya dubawa. Ki koma wurin likita ki tambaye shi kai tsaye ko za a iya dawo da kaɗan, nesa da tagarki. Ki kuma gaya masa maganin bai riƙe ki ba.

Shi kuwa Baba, ki faɗa masa. Gida ɗaya kuke, kina jin ba ya jin tarinki? Wataƙila shi ma shiru yake yi don kada ki ji kunya. Ki zauna kusa da shi bayan asuba, ki nuna masa takardar, ki nemi yafiya. Kada ki yi masa alkawarin tsuntsaye kafin likita ya yarda. In ya yarda, kada ki sayo sababbi. Ki raka shi gidan abokin nan, ya ɗauko Hajiya da hannunsa. In bai yarda ba, ki riƙa kai shi can duk mako, da gwangwaninsa.

Allah ya buɗe ƙirjinki, ya sanyaya nasa.