Hannun rigar Sidi

Talata da dare, 9 ga Disamba

Zare ya ƙare mini, saura hannu guda a rigar sanyin Sidi, ga shi jibi motarsu za ta tashi Jado. Na ruga kantin Hajiya Tamo. Ta ce, "Ƙanwata, shuɗin nan ya ƙare, amma ga mai kama da shi." Ni da nake faɗa wa mata a fito da zare rana a gwada, yau a duhun kanti na karɓa. Sai a gida na ga ya fi haske.

Sidi ya yi dariya, wai wa zai kalli hannun riga a ramin zinariya. Ni ban yi ba, shi kaɗai na haifa. Zan saƙa haka nan. Allah dai ya dawo mini da shi, in warware in gyara.