Hanyar Rage Hayaniya

Litinin, 14 ga Yuli, 2014
Lissafin ya sake lalacewa. Shekara uku ina neman yadda cikin proton yake, wani ɓangare na ƙwayar zarra. A yanka sarari kamar raga a kwamfuta, a gwada sau dubu, a ɗauki matsakaici. Amsoshin sai tsalle suke, hayaniya ta rufe abin da nake nema. Dorathy, ɗalibata 'yar Betso, wai tana da dabara. Na ce ta fara koyon goge allo.

Talata, 5 ga Agusta
Dabarar ta yi aiki. Kowane gwaji mai tsada tana haɗa shi da ɗari masu arha, ta gyara kuskuren masu arhar da shi. Hayaniya ta ragu kashi huɗu cikin biyar. Ta ce, "Dokta, ka gani?" Na ce sa'a ce. Na kwafe komai daga kwamfutarta zuwa filas ɗina na ajiyar bayanai.

Laraba, 29 ga Oktoba
'Yan ta'adda sun shigo mana Mubi. Na bar mota, na bi daji.

Alhamis, 11 ga Disamba, Yola
Ba labarin Dorathy. An ce ta bi ta Belel, an ce ba ta kai ba. Na aika wa mujalla aikin. Sunana kaɗai.

Lahadi, 1 ga Fabrairu, 2015
Tana da rai. Ta same ni a masauki, ta rame, silifas ɗinta kala biyu. An kashe Japhet, mijinta, a gabanta, kwamfutarta ta ƙone. Ta ce, "Dokta, aikina yana wurinka ko? Shi kaɗai ya rage mini." Na ce wane aiki? Na ce wanda ya ga abin da ta gani, kansa kan ruɗe, ta je asibiti. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Na gode, Dokta." Na ci tuwona.

Juma'a, 8 ga Mayu
An buga aikin. Daga Jamus ma an taya ni murna. Ita kuma an ce ta koma Betso, tana noman gyaɗa. Ya fi dacewa da ita.

Talata, 13 ga Oktoba, Mubi
Aji ya cika rabi. Ina bayanin rage hayaniya, sai na ga na rubuta "hanyar Dorathy" a allo. Kuskure ne kawai, gajiya. Nafisatu, mai zama a gaba, ta ce wace ce Dorathy? Na ce su kwafa yadda yake, zai fito a jarrabawa.