Madarar da Na Yi wa Talla

Gure, ranar Lahadi

Yaya Abarshi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, da mutanen Damagaram baki ɗaya. Mu nan sai godiya.

Ka taya ni murna, ƙanenka ya zama mutum. Wani kamfanin madarar gari ya kawo talla gidan rediyonmu, darakta ya ce muryata za a sa. Mutanen nan Allah ya ba su basira, Yaya. Ba su nemi lokacin kiɗa ba. Sun ce a saka su tsakiyar sanarwa, bayan rasuwa, kafin ɓatan raƙuma, don sun san a lokacin ko mai daka ajiye taɓarya take. Suka kuma roƙa in karanta da muryar da nake faɗin rasuwa, kada in yi wasa. Ledar tasu da hoton saniya mai ƙiba irin wadda ba a taɓa gani a ƙauyenmu Alakos ba. Na juya bayanta na karanta Faransancin: man itace ne da sukari, madarar kaɗan ce. Na yi dariya, na ce birni ya iya sayar wa makiyayi nono. Yanzu kowane kanti a Gure akwai ta.

Ka gaida Balkisa da yara.

Ƙanenka,
Fadilu

Gure, ranar Alhamis

Yaya Abarshi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, watanni sun wuce ban rubuto ba, wannan karon kuma alƙalamin ya yi mini nauyi.

Ka san ƙanwarmu Mardiya ta kai 'yarta Zuhura yaye wurin Inna a Alakos. Shekaranjiya Inna ta sauka a Gure da yarinyar a goye, aka wuce da su gidan likita. Na je na gan ta. Hannunta kamar tsinke, gashi ya yi ja, ko kuka ba ta iyawa sosai. Sun ce tamowa ce.

Ashe tun watannin baya Inna ke tatsar shanunta ta sayar da nonon ranar kasuwa, ta sayo ledar nan ta dama wa jikarta. A wurinta abin da aka faɗa lokacin sanarwa ba talla ba ne, magana ce irin ta hukuma, ga shi kuma ɗanta ya faɗa. Har maƙwabta take tarawa su saurare ni. Ba ta zarge ni ba, Yaya. Tambayata ta yi ko ita ce ba ta iya damawa daidai ba.

Zuhura ta fara karɓar abincin da suke ba ta, sun ce da sauƙi in Allah ya yarda. Ban gaya wa Mardiya abin da ke bayan ledar ba tukuna.

Na sami darakta na ce a cire tallan. Ya nuna mini injin wuta da albashinmu, ya ce duk daga nan suke fitowa, in na gaji akwai masu murya. Sai ya ƙara mini da albishir: wani furoje, wato shirin kiwon lafiya, ya sayi fili, za a riƙa gargaɗin uwaye kan tamowa, su ma tsakiyar sanarwa suke so, su ma muryata.

Ban ajiye aikin ba. Gobe takardu biyu za su kasance a gabana. Kai da ka fi ni karatu, wacce ya kamata in fara karantawa?

Ka gaida gida, ka sa Zuhura a addu'a.

Ƙanenka,
Fadilu