Wa Ya Gaya wa Zumuntar Mata?

Ƙanwata abin ƙaunata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya maigidanki da yara, ya ciwon bayan nan naki? Ni lafiya lau nake, sai dai raina a ɓace yake.

Matan zumuntarmu suna ƙulla mini wani abu. Kin san tun mijina na da rai ni ke karanta nassi a gaban jama'a a coci ranar Lahadi, kuma ba a taɓa jin harshena ya sarƙe ba. To, kwanan nan Mama Fasto ta fara aiko mini da surar tun Litinin, wai in yi tunani a kanta. A da sai safiyar Lahadi ake gaya mini. Nas, ma'aikaciyar asibitin nan wadda gaisuwa ce kawai tsakaninmu, yanzu tana saƙale hannunta a nawa tun daga bakin ƙofa, tana cika ni da surutu har mu hau matakala. Matakalar ma an shafa wa bakinta farin fenti. Mai ɗinki kuwa ta bar kujerar baya inda take gyangyaɗi, ta dawo dab da mimbari, littafi buɗe a cinya, tana bin karatuna da yatsa. Matar da sai an nemo mata shafi!

Ni ba yarinya ba ce. Kuskurena suke jira, su ɗora 'yar Mama Fasto, mai murya kamar sauro. In suka raba ni da karatun nan, me ya rage mini?

Ki yi haƙuri da girman rubutuna, alƙalamin ne.

Yayarki.

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Ban ga amsarki ba, kuma ina lura da shirun naki.

Ba laifin alƙalami ba ne. Yanar ido ce ta rufe mini gani, haruffa sun koma kamar tururuwa cikin ruwa. Haddace surar nake yi da gilashin ƙara girma, in hau mimbari in buɗe littafi don idon mutane.

Lahadin nan baƙon mai wa'azi ya canja surar ina tsaye. Na dubi shafin, ban ga komai ba sai hazo. Na ce a raina yau ranarsu ce. Sai Mama Fasto ta miƙe, ko gezau ba ta yi ba, ta sanar cewa yau zumuntar mata za su karanta tare da ni. Duka suka tashi. Mai ɗinki tana riga su da rabin numfashi, da ƙarfi, ni ina bin bakinta. Maza ba su gane komai ba. Har wani dattijo ya ce a riƙa yin haka.

Ba wadda ta yi kuskure, ƙanwata. Wato sun gwada abin nan a bayan idona, sun daɗe da sani. Ban gode musu ba, na ɗauki jakata na fita, Nas maƙale da hannuna. Abin da ke cina shi ne, wa ya gaya musu?

Yayarki.

Ƙanwata munafuka,

Ina fata kina lafiya, don ina so in same ki da ƙarfinki. Wannan hannun mai ɗinki ne, ina faɗa tana rubutawa. Kurakuran nata ne.

An yi mini aiki a ido ɗaya. Nas ce ta kai ni, kusan da ja. Matan suna karɓa-karɓa a gidana, sun sauya wa duk tukwanena wuri, kuma kowace sai ta karanta mini wani abu. Ban taɓa sanin ana iya wulaƙanta aya haka ba.

Mama Fasto ta ce 'yarta aron mimbari ta yi, ranar da na warke wurina yana nan. Zan gani.

Jiya na tsare Nas har ta faɗa. Ashe ke ce! Tun bara kika ga layukan rubutuna suna gangarowa, kika buga wa Mama Fasto waya maimakon ki tambayi yayarki. Kin san zan ƙaryata ki, shi ya sa. Ban yafe ba. Ki zo a ƙarshen wata, ki zauna da ni har a yi ɗaya idon.

Mai ɗinki tana dariya, kuma alƙalaminta bai tsaya lokacin da na tsaya ba. Ki taho da takardar nan. Ita zan fara karantawa.

Yayarki mai ƙaunarki, duk da haka.