Kwana Huɗu da Inna a Bayana

Savanar Yahudawa, bakin kogin Surinam
9 ga Yuni, 1743

Zuwa ga matata Simha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya tarin Ribka, ya yi sauƙi? Yaya ruwan sama a Paramaribo? Ni jikina ƙalau.

An binne Baba ranar Talata. Ba su bar ni na kama makara ba. A majami'a ma na zauna inda kika sani, bencin bakin ƙofa na waɗanda bayi suka haifa, ina jin yayana Yosuwa a gaba yana yi wa ubanmu addu'ar mamaci. Na yi tawa a hankali. Uba ɗaya ya sa aka yi mana kaciya, amma muryar ɗa ɗaya ake son ji.

Jiya aka karanta wasiyya. Ni ya bar mini sunansa da mayafinsa na addu'a. Gonar rake da duk wanda ke cikinta ta Yosuwa ce. Simha, har da Inna Amimba, mahaifiyata. Shekara talatin tana dafa wa Baba abinci, ta fi kowa a gidan sanin naman da ya halatta da wanda bai halatta ba, amma bai rubuta mata takardar 'yanci ba. Ya 'yanta ni tun ina goye, ya manta da wadda ta goya ni.

Na sami Yosuwa a baranda. Ban ce masa Yaya ba, kin san ba ya so, sai dai Sinyo, wato maigida. Na ce, "Sinyo, ka bar mini Amimba in tafi da ita birni." Ya ce, "Haba Matatiya! Ƙasar kabari ba ta bushe ba, har ka zo kwasar gado?" Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini ruwan lemo.

Zan ƙara kwanaki in sake gwadawa. Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Matatiya

Savana, 2 ga Agusta, 1743

Simha tawa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku duka. Saƙonki ya iso, na gode da busasshen kifin. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ban san yadda zan rubuta miki ba ne.

Sau uku na koma wa Yosuwa. A na ukun ya ce na dame shi, washegari ya fitar da Inna daga kicin ya tura ta saran rake. Mace mai shekara hamsin da biyar, wadda ba ta taɓa riƙe adda ba. Roƙona ne ya jawo mata. Ta yi mako uku, mai bulala ya zane ta sau biyu a gaban mutane. Na je bukkarta da man shafawa, ta ce, "Matti, ka daina roƙonsa. Kullum ka roƙa, bayana ne ke ji."

Asabar da ta wuce, muna majami'a, ta shiga daji da mutum goma sha ɗaya. Sun zaɓi ranar da suka san babu Bayahuden da zai ɗauki bindiga ya bi su. Ba ta gaya mini ba. Da na ji, Ubangiji ya gafarta mini, murna na yi.

Yanzu an tara rundunar da za ta bi sawunsu, Yosuwa ne shugaba, kuma ya sa sunana. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "To, sai mutane su ce kai ka nuna musu hanya. Ka san abin da ake yi wa wanda ya taimaki bawa ya gudu. Ka tuna da yaranka." Na je wurin dattawan majami'a, suka ce doka ce, kowane ɗa sai ya fita.

Jibi za mu shiga kwalekwale. Ki yi addu'a mu ɓata hanya.

Naki kullum,
Matatiya

Savana, 28 ga Satumba, 1743

Zuwa ga Simha,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata yara suna lafiya. Na dawo da raina, kada ki tsorata.

Ba mu ɓata ba. Kwana goma sha ɗaya muna cikin fadama, sai karnuka suka kai mu wani ɗan fili. Bukkoki huɗu, har sun dasa rogo. Mutanen suka watse, aka harbe biyu. Inna tana zaune a gindin itace, ƙaya ta soke ta, ƙafar ta kumbura. Ta dubi bindigar hannuna kafin ta dubi fuskata. Ta ce, "Kai suka aiko?"

Yosuwa ya ce ko a ɗauke ta ko a gama da ita a nan. Na goya ta. Kwana huɗu tana bayana, ba ta da nauyi ko kaɗan. A rana ta uku muna ƙetare wani rafi, ruwa ya kai mini ƙirji, ta sa baki a kunnena ta ce, "Sake ni a nan. Ka ce santsi ne." Na ƙara riƙe ta. Ta ce, "Matti, ban taɓa roƙonka komai ba." Ban sake ta ba, Simha. Har yau ban sani ba ko ƙauna ce ta hana ni ko tsoro.

An yanke mata hukunci a nan Savana. An yanke jijiyar agararta ta dama, don kada ta sake gudu. Yosuwa ya ce albarkacina ta ci, da ƙafar duka za a cire, kuma ya tsaya yana jiran godiya. Na yi masa. Ranar Asabar aka yi addu'ar godiya a majami'a saboda rundunar ta dawo lafiya. Kowa ya ce amin. Na ji bakina ya faɗa.

Tun da muka fito daga rafin nan ba ta yi mini magana ba. Nakan kai mata romo, ta juya wa bango fuska. Wannan makon na sari itace na sassaƙa mata sandar dogarawa, na naɗe kan da tsumma don kada ta ci mata hammata. Yau na kai. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta kama bango ta miƙe, ta gwada taku biyu. Ta ce, "Ta yi tsawo." Ta koma ta kwanta.

Gobe zan rage ta. Kada ki sa ran zuwana kusa, kuma kada ki gaya wa yara tukuna.

Mijinki,
Matatiya