Ba Na Dangwale

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Yau wata bakwai da rasuwar 'yata Ummukulthum, Allah ya jiƙanta. Sai yau wasu mutum biyu daga wata ƙungiya a GRA suka gano hanyar unguwarmu Bagadaza. Wai za su yi taron tunawa da ita, daga baya su buga waƙoƙinta a littafi. Lokacin da sikila ta kwantar da ita ban ga ƙeyar kowa ba.

Suka ajiye takardu da ɗan gwangwanin tawada. "Mama, a nan za ki dangwala." Na ce ba na dangwale, ku bar su in karanta. Suka kalli juna.

Laraba, 3 ga Yuli
Ina karantawa a hankali, da yatsa. Ummukulthum ce ta koya mini ina da shekara arba'in da shida, da waƙarta ta Kwari, kwarin nan da ruwa ke zaizaya a bayan unguwarmu, don ita ce takardar da ke kusa. Ni ko son waƙoƙin ba na yi. Ba rerawa, magana ce zalla a kan kiɗa, tana ambaton abin da manya ba sa so a ambata. Sau nawa na ce ki yi shiru, za a ɗauke ki, ga ciwonki. Sai ta ce, "Inna, kwarin bai yi shiru ba." Har yanzu haushinta nake ji. Ta ƙarar da ɗan ƙarfinta a kan dandamali.

Alhamis, 4 ga Yuli
Sun cire layi huɗu daga waƙar Kwari. Inda ta faɗi Jumma mai ƙosai da 'ya'yanta biyu da kwarin bayan unguwa ya rufta da ɗakinsu, da ɗan kwangilar da ya kafa allo ya tafi. Da sunan Jumma na koyi J. Ni za a ɓoye wa?

Asabar, 6 ga Yuli
Debby ta zo, ƙawarta mai kaɗa mata jita. "Mama, sun ce akwai manyan baƙi, kada a ɓata musu rai. In ba ki sa hannu ba, littafin ba zai fito ba sam." Na ce ke ma da bakinki? Ta yi kuka. Bai kamata in sauke a kanta ba.

Talata, 9 ga Yuli
An yi ruwa. Kwarin ya ci katangar Malam Wakil. Saura gida biyu ya iso mu.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ɗana Mu'az ya ce, "Inna, don Allah kada ki jawo mana." Maganata ce sak, a bakinsa. Na sa hannu, na rubuta sunana Fatimatu, baƙi bayan baƙi.

Lahadi, 14 ga Yuli
Jiya aka yi taron. Hotonta ya kai ƙofa girma. Wani mai babbar riga ya ce ita 'yar zaman lafiya ce, ba ta taɓa faɗa wa kowa baƙar magana ba. Ummu! Sai aka miƙo mini makirfo in yi godiya.

Takardarta ta asali tana cikin mayafina. Ban san dalilin da na ɗauko ta ba. Na karanta layi huɗun. Na yi tuntuɓe a "zaizaya", na koma na gyara. Ba wanda ya tafa sai can baya, yaran unguwarmu. Ina cikin layi na uku na ji jitar Debby ta shigo a hankali.

Yanzu sun ce maganar littafi sai an sake zama. Su zauna. Ni ba waƙa na yi ba, karatu na yi.

Talata, 16 ga Yuli
Debby ta turo saƙo, na karanta da kaina. Wai in zo ranar Asabar a naɗi muryata, kuma wai zai fi zama in na ja numfashi bayan sunan Jumma. Shirme. Na dai gwada sau biyu ina tankaɗe.