Geron Lurwanu

Kiru, Disamba 1956

Zuwa ga Malam Sale,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da ta'aziyyar maigidana Lurwanu.

Malam, sai da na karanta takardarka na gane abin da muka yi. Ka ce a adana zangarniyoyin geron da ke rataye a ɗakinsa, wai irin da ya yi shekaru yana zaɓa ne a gonar gwaji, wanda ciyawar ƙuduji ba ta ci. Ranar sadakar bakwai Gwaggo, mahaifiyarsa, ta sauke su da hannunta. Ta ce, "Geron da ɗana ya fi so, shi za a yi masa gumba da shi." Ni na taya ta surfe. Maƙwabta sun ci, sun yi masa addu'a.

A gaida iyali.
Luba

Tudun Wada, Janairu 1957

Luba,

Bayan gaisuwa, Allah ya ƙara haƙuri.

Ba zan ɓoye miki ba. Ubale, abokin aikinsa, ya daɗe yana cewa geron Lurwanu sa'a ce, ba bincike ba, irin da shi Ubale ya samo daga Doguwa ya kamata a raba wa manoma. Da na fara koya wa mijinki aikin nan, ko ido ba ya iya ɗagawa. A taron ma'aikatan gona na bara a Kano kuwa ya miƙe ya ce, "Malam Ubale, kawo naka in kawo nawa, a shuka kunya da kunya, ƙasa ta raba mu." Aka tsayar da daminar bana. Yanzu Ubale yana yawo yana tambaya wai ina geron.

Duba ko da tafi guda ne. In babu iri, bakina ba zai yi komai ba a taron Kano na bana.

Naki,
Sale

Kiru, Fabrairu 1957

Malam, ina gaisuwa.

Na kakkaɓe tabarmarsa, na share gindin turmi. Kaji sun riga ni. Ina takaba, ba na fita, na aika gidajen da aka kai wa gumba, duk an cinye.

Da ni ce shi, da na san abin da zan faɗa a taron. Ni geron kawai na sani, ya yi fari, ya yi daɗin daka.

Jiya Gwaggo ta ce mini tun ranar sadakar take samun barci, don ta san Lurwanu ya ji daɗi. Har yau ban gaya mata ba.

Allah ya bar zumunci.
Luba